Ranar Da Na Kai Baffa Ƙara Da Kaset

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da kuwa zan manta ranar da aka ɗauke ni aiki. Ranar ce na tara dattawan unguwarmu a zauren mai unguwa, a Rurum Tsohon Gari, don in nuna musu da idonsu cewa ƙanin mahaifina, Baffa Isiyaku, ya cinye mana gona. Har sabuwar hula na sa.

Bari in fara faɗa muku halina, don kada ku ce sharrin shaiɗan ne kawai. Ni mutum ne mai zargi. In mai shayi ya ƙara min madara, sai in tsaya ina tunanin me yake nema a wurina. In shugaban makarantar da nake koyarwa a Kibiya ya yi min murmushi da safe, ranar ba na iya koyar da komai, ina jiran takardar canjin wurin aiki. Matata Hadiza ta ce ko ruwan sama aka yi, sai na leƙa gidan maƙwabta na ga ko nasu ya fi namu yawa. (Sau ɗaya kawai na yi hakan, kuma ya fi.)

Gonarmu da ta Baffa a manne suke, tamu a yamma, tasa a gabas, layin gamba ne a tsakani. Taku goma sha biyu daga gambar, a cikin gonar Baffa, akwai wata ƙatuwar ɗorawa da matarsa take tara kalwarta duk shekara tana daddawa. Tun da mahaifinmu ya rasu nake noma namu ɓangaren, ban taɓa kawo komai a raina ba. Sai wata rana a majalisa wani tsoho ya ce min, yana sakace, “Ai gambar nan taku ba nan take ba a da. Isiyaku ne ya matsar da ita bayan rasuwar babanku.” Ya faɗi haka ya tashi ya tafi alwala. Ni kuma ban bi shi na tambaye shi komai ba, don a ganina maganar ta riga ta gama kanta.

Daga ranar Baffa ya zama abin lura. In ya gaishe ni da fara'a, in ce kunya ce ta kama shi. In ya wuce bai gan ni ba, in ce gudu na yake. Da ya aiko mana da kwanon gyaɗa, na ce wa Hadiza toshiyar baki ce, kada ta taɓa. (Ta soya, kuma na ci, amma da zuciya biyu.)

Can sai na tuna da kaset. Shekaru kusan ashirin da suka wuce, yayana ya sayo wata kyamarar bidiyo ta hannu a Kano, irin mai ƙaramin kaset ɗin nan kamar kwalin ashana. A shekarar aka raba gadon kakanmu, kuma kamar yadda aka saba, sai da aka taka iyaka da ƙafa: mahaifina da Baffa a gaba, mai unguwa da liman da shaidu a baya. Ni ne na ɗauki bidiyon. Za ku ce to ai ina wurin, me ya sa ban tuna inda aka ce iyakar take ba? Gaskiya ita ce a lokacin ina saurayi, ido ɗaya a cikin kyamara, ɗayan a kan 'yan matan da suka tsaya a bakin hanya suna kallon mai kyamara. Ko kalma ɗaya ban ji ba.

Na tono kaset ɗin da kyamarar a ƙasan adakar Innarmu. Kyamarar tana juya kaset, amma ɗan gilashin da ake kallo ya mutu, sifikarta ma haka. Dole sai an juye shi a kwamfuta. Sai na hau babur na tafi Rano wurin Nasiru, mai ɗaukar bidiyon biki da suna, wanda kowa ya san ya iya irin wannan aikin.

Nasiru ya juya kaset ɗin a hannunsa ya ce, “Malam, wannan ya sha zama. Ka bar min shi kwana biyu in juye a hankali. Irin waɗannan in aka yi musu gaggawa, murya takan zame ta bar hoto.”

Na ce, “Ta zame ta je ina?”

“Baya take yi. Da farko ba za ka lura ba. Sai an yi nisa za ka ga mutum ya rufe baki, maganarsa ba ta iso ba.”

Ina sauraronsa, amma kunnena ya tsaya a kan “kwana biyu”. Me zai yi da kaset ɗina har kwana biyu? Nan take na tuna matar Nasiru 'yar Tarai ce. Matar Baffa ma 'yar Tarai ce. Shi ke nan, na gano su. Wato tun kafin in zo an riga an shirya min labarin murya mai zamewa, don in an goge maganar mahaifina a ce ai zamewa ta yi. Na miƙa hannu na karɓi kaset ɗina, na ce zan dawo. Ya ce, “To Malam, in da kanka za ka yi, don Allah ka duba ƙarshensa, kada ka tsaya a farko.” Na ce a raina, ka ji ɗan Tarai da wayo. (Nasiru haifaffen Rano ne, ko Tarai ɗin sau biyu ya taɓa zuwa.)

Na ari wayar da ake haɗa kyamara da kwamfuta a wurin wani abokin aikina, na ɗauko tsohuwar kwamfutar da nake buga jarrabawa da ita. Wannan kwamfuta in ta yi minti goma tana aiki sai ta fara huci, ƙasanta ya yi zafin da za a iya gasa gurasa. Na ɗora ta a kan katifa, na kunna juyi, sannan don kada zama ya ishe ni, na buɗe wasan karta a gefe ina bugawa. A ƙasan allon akwai wata lamba da take ta ƙaruwa da jan rubutu. Na ɗauka ci gaban aiki take nuna min, har ina jin daɗin saurinta. Daga baya na san cewa lissafin hotunan da kwamfutar ta kasa kamawa ta zubar ne.

Da aka gama na kunna farkon. Ga mahaifina nan a ƙofar gida, da rawaninsa da sandarsa, ya dubi kyamara ya yi sallama, baki da murya daidai wa daida. Sai da hawaye ya zo min. Na share, na ce ina Nasiru da muryarsa mai zamewa? Daga nan na tsallake gaishe-gaishe da tafiya, na ja har wajen minti na hamsin, inda aka iso iyaka.

A nan duk bayan mahaifina na ɗauka, don a bayansa nake tafe. Ya iso wani suri da ke cikin gonarmu, ya ɗan tsaya ya taɓa shi da sanda, ana jin yana mitar awakin da ke shiga gonar mutane. Ya wuce. Ya wuce inda gamba take a yanzu. Ya isa gindin ɗorawa, ya ɗaga sanda sama, sai ga muryarsa tar: “To jama'a ku shaida, nan ne iyaka. Daga nan zuwa yamma nawa, daga nan zuwa gabas na Isiyaku.”

Na miƙe tsaye na yi kabbara. Taku goma sha biyu, har da ɗorawa! Shekara da shekaru ana cin kuɗin daddawar da aka yi da kalwarmu.

Hadiza ta shigo, na mayar mata ta gani. Ta kalla sau biyu ta ce, “Malam, ya na ga Baba ya bugi suri da sanda amma ban ji ƙarar ba? Kuma can da ya ɗaga sandar sama na ji wani ƙwas, alhali bai bugi komai ba.”

Na dube ta sama da ƙasa. Na tuna ita ma matar Baffa tana ba ta daddawa kyauta. Na ce, “Ke ma an saye ki ke nan.” Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma kan tukunyarta.

Ranar Asabar da hantsi zauren mai unguwa ya cika. Liman yana nan, shaidun da suka rage a raye suna nan, ga 'yan kallo har bakin ƙofa, don ni da kaina na bi gida gida na ce za a ga abin mamaki. Na ari babbar sifika a wurin masu wa'azi don kada wani ya ce bai ji ba. Baffa ya zo a ƙarshe, ƙafarsa duk ƙasar gona, ya zauna a gefe ya ajiye fartanyarsa. Ya ce min, “Ɗana, lafiya dai ko?” Na ce yanzu zai ga lafiya.

Sai da na yi jawabi. Wayyo jawabin nan! Na yi maganar amana, na yi maganar haƙƙin marayu (ina da shekara arba'in da ɗaya, da 'ya'ya huɗu), na ce baki yana iya ƙarya amma na'ura ba ta da dangi a Tarai. Ba wanda ya gane abin da Tarai ta yi, amma na ga wasu sun gyaɗa kai. Sannan na danna.

Muryar mahaifina ta cika zauren. “Nan ne iyaka.” Ga shi kuwa a gindin ɗorawa, sanda a sama. Na juya na dubi Baffa ina jiran in ga ya rikice. Bai ko dube ni ba. Idonsa na kan allon, bakinsa yana ɗan motsi, ya kai hannu yana goge fuska da gefen rigarsa. Na ce a raina, kukan kamu ne.

Liman ya ce, “Ikon Allah. Ni dai a tunanina a suri aka tsaya. Amma tsufa ya zo.”

Na kai hannu zan rufe kwamfuta, don aiki ya gama. Sai mai unguwa ya ce, “A'a Malam, bar shi ya ci gaba mana. Ai ni ma ina ciki, ban taɓa ganin kaina a bidiyo ba.”

Ni ban taɓa kallon abin da ke gaba da nan ba. Amma me zan ji tsoro? Na ce, “Ranka ya daɗe, an gama.”

Aka nuno jama'a sun taru a inuwa, wannan karon fuskokinsu na kallon kyamara. Liman ya ɗaga hannu yana addu'a, bakinsa na motsi, amma abin da ke fita a sifika hirar farashin taki ce. Aka shafa, kowa ya miƙe yana kakkaɓe riga yana neman takalmi, sai a lokacin muryar liman ta fara addu'ar. Mutane suna tafiya a hoto, ana ta amin amin a sifika, ba kowa a zaune. Wani daga bakin ƙofa ya ce, “Kai, mutanen da akwai gaggawa.”

Sai ga mai unguwa a allo, da sauran ƙuruciyarsa, gemu baƙi ƙirin. Ya tako gaban kyamara, ya gyara babbar riga, ya gyara tsayuwa irin ta manya, ya buɗe baki zai yi jawabin rufe taro. Abin da ya fito daga bakinsa, ta cikin sifikar masu wa'azi da na ƙure wa murya da hannuna, kukan jaki ne. Ba gajere ba. Irin mai hawa da sauka ɗin nan, har da jan numfashi a tsakiya. Kuma wallahi kamar an auna, duk buɗe bakin da ya yi sai jakin ya amsa.

Da farko ba wanda ya yi motsi, kowa yana satar kallon mai unguwa. Liman ne ya fara, ya toshe baki da rawani kafaɗunsa na rawa. Daga nan zauren ya fashe. Wani tsoho har da faɗuwa a kan tabarma. Ni kuwa na daddanna duk maɓallin da ke jikin kwamfutar, ta ƙi tsayawa, don ta yi zafi ta daskare, jaki na ta yi. Sai da na fizge wayar sifika.

Mai unguwa bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya ce, “Malam, ni dai na san ban yi wannan jawabin ba. In na'urarka ta ɗauki maganar jaki ta sa a bakina, ina tabbacin ba ta ɗauki maganar suri ta kai gindin ɗorawa ba?”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Aka yanke cewa ranar Litinin in ɗauki kaset, ni da Baffa da liman, mu je wurin wanda ya san aikin. Wurin wa? Wurin Nasiru. Ni na goya Baffa a babur ɗina har Rano, liman na biye da mu a wani babur, in mun zo rami sai Baffa ya ce, “A hankali, ɗana.”

Nasiru bai ce ai na faɗa maka ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya dubi abin da na juye ya ce, “Ka ga, kwamfutarka in ta gaji sai ta riƙa zubar da hoto, amma ba ta zubar da murya. Hoto ya gajarce, murya tana nan da tsawonta. To kowane minti hoto yana ƙara tsere mata kaɗan kaɗan. A farko babu bambanci, a minti na hamsin ya ba ta kusan daƙiƙa ashirin da biyar.” Ya sa kaset ɗin a tasa na'urar, ya rufe komai da ke kwamfutarsa, ya sa mata fanka a gefe, ya juye shi gutsure gutsure maimakon a tashi ɗaya. Jar lambar nan ba ta motsa daga sifili ba. Duk da haka bai yarda ba, sai da ya nemi abin da ido zai gani kunne ya ji a lokaci guda: rufe ƙofa a farkon kaset, da tafin da wani ya yi yana korar akuya a ƙarshe. Ya ga duka biyun sun faɗa daidai, sannan ya ce mu matso.

Ga bayan mahaifina. Ya iso suri. Sanda ta sauka, ƙwas. “To jama'a ku shaida, nan ne iyaka.” Ya wuce, ya isa gindin ɗorawa, ya ɗaga sanda yana nuna rassa, ya ce, “Isiyaku, ɗorawarka ta yi 'ya'ya bana.”

Liman ya ce, “Alhamdu lillahi, ashe ban tsufa ba.”

Ni lissafi nake yi, kuma lissafin bai yi min daɗi ba. Surin nan a cikin gonata yake, taku goma sha biyu kafin a kai gamba. Wato tsohon majalisa bai yi ƙarya ba, Baffa ya matsar da gamba. Cikin gonarsa ya matsar da ita. Duk shekarun nan dawar da nake shukawa tsakanin suri da gamba, a ƙasar Baffa nake shuka ta, kuma nan ne ma ya fi ko'ina albarka.

A hanyar komawa na tsayar da babur a gefen titi, don ba zan iya faɗa ina tuƙi ba. Na durƙusa na ce, “Baffa, ka yafe min. Gobe zan tone gambar in mayar da ita suri.”

Ya ce, “Tashi, mutane na kallo. Kada ka taɓa min gamba. Shekarar da yaya ya rasu ku tara ya bari, ni ina da uku. Na ga abin ba zai ishe ku ba, na san kuma in na ce ga shi, Innarku ba za ta karɓa ba. Sai na bari aka yi ruwan farko na je na dasa ta can. Ba kai na ba ba, balle ka mayar min.”

Na ce, “To me ya sa ba ka faɗa a zaure ba, ka bar ni ina ta zuba?”

“Ina zan iya magana? Shekara nawa rabona da jin muryar ɗan'uwana, sai ga shi yana kiran sunana.” Sai ya ciro tsohuwar wayarsa daga aljihu ya miƙo min. “In yaron nan na Rano zai iya, a sa min shi a nan. Wanda aka gyara fa, ban da na jakin.”

An sa masa. Har yau in na je gona nakan jiyo muryar mahaifina daga wancan ɓangaren gambar, Baffa ya jingina wayar a gindin ɗorawa yana noma, su biyu suna ta mitar awaki.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne: kafin ka ari sifikar masu wa'azi, ka kalli kaset ɗinka har ƙarshe, kuma in an ce maka an matsar da abu, ka tambaya wane gefe. Zargi dai ban daina gaba ɗaya ba, amma yanzu nakan ba shi daƙiƙa ashirin da biyar kafin in buɗe baki. Mai unguwa ma haka yake ba ni. Duk inda na gaishe shi, ko a kasuwa ko a wurin ɗaurin aure, sai ya dube ni ya motsa baki ba sauti, ya juya ya yi tafiyarsa. Sai ya yi nisa, jama'a duk sun zuba ido, sannan in jiyo daga can: “Lafiya lau, Malam. Ya iyali?”